Yaro Ya Zubar Da Jini, Kotu Ta Sassauta: Ina Haƙƙin Iyalan Mamaci?

A wannan fitowa za mu tattauna wata matsala mai nauyi, wadda babu magidancin da ke fatan ta biyo ta ƙofar gidansa, amma kuma babu wanda ya isa ya rantse cewa ya tsira daga gare ta. Yaron da bai kai shekarun girma ba ya ɗauki wuƙa ko sanda ko dutse ya kashe ɗan wani, aka gurfanar da shi gaban alƙali, alƙali ya dubi ƙuruciyarsa ya sassauta masa. Wannan hukunci gida biyu yake shiga. A gida ɗaya ana hamdala, domin ɗansu zai dawo da sauran ƙarfinsa. A ɗaya gidan kuwa uwa tana lissafi da yatsunta, tana tambayar kanta ko ran ɗanta shekara nawa ke nan aka yi masa kuɗi. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin ana iya tausaya wa yaron da ya yi laifi ba tare da an wulaƙanta waɗanda ya yi wa laifin ba?

Bari mu fara da shari'ar da ta fi kowace shahara a wannan babi. Ranar 12 ga watan Fabrairu na shekarar 1993, a wata babbar kasuwar zamani da ke Bootle, kusa da birnin Liverpool na ƙasar Ingila, wata mata mai suna Denise ta tsaya sayen nama tare da ɗanta James Bulger, wanda bai cika shekara 3 ba. Kafin ta biya kuɗi ta waiwayo, yaro ya ɓace. Na'urar ɗaukar hoto ta kasuwar ta nuna wasu yara biyu, Robert Thompson da Jon Venables, kowannensu ɗan shekara 10, suna tafiya da shi, ɗaya yana riƙe da hannunsa. Sun ja shi tafiyar kimanin kilomita 4, mutum 38 suka gan su a kan hanya, wasu har suka tsayar da su suka yi musu tambaya, amma ba wanda ya karɓe shi daga hannunsu. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa a kan hanyar jirgin ƙasa. Ba za mu bayyana abin da aka yi masa ba, saboda wannan shafi har yara suna karanta shi.

A watan Nuwamba na wannan shekara kotu ta same su da laifin kisan kai, domin a dokar Ingila ɗan shekara 10 ana iya tuhumarsa. Alƙalin ya ba da shawarar kada a sake su kafin shekara 8. Babban alƙalin ƙasar ya ɗaga adadin zuwa 10. Sai jama'a suka yi ca, aka tattara sa hannun mutane kimanin dubu 280, ministan cikin gida na lokacin, Michael Howard, ya mayar da shi shekara 15. Daga nan kuma aka shiga warwarewa. A 1997 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce ministan ya saɓa wa doka. A watan Disamba na 1999 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce ba a yi wa yaran shari'ar adalci ba, tun da an zaunar da su a kotun manya, a gaban ƴan kallo da ƴan jarida, a cikin yanayin da ba za su iya fahimtar abin da ake faɗa ko su kare kansu ba. A watan Yuni na 2001 aka sallame su, suna da shekara 18, bayan sun yi shekara 8 a gidajen tsare yara, inda aka karantar da su aka kuma kula da lafiyar tunaninsu. An ba su sababbin sunaye, kotu kuma ta haramta wa kowa bayyana inda suke ko kamanninsu har iyakar rayuwarsu.

To ina labarin ɗaya gidan? Auren iyayen James bai daɗe ba bayan rasuwarsa ya mutu. Waɗanda suka kashe ɗansu sun san sunansu da garinsu, su kuwa ko a kasuwa suka gogi kafaɗa da su ba za su shaida su ba. A 2010 aka sake kama Venables da hotunan lalata da yara, aka mayar da shi gidan kaso, aka sake shi a 2013, aka kuma sake kama shi da irin wannan laifi a 2017. A watan Disamba na 2023 hukumar da ke duba sakin ƴan kaso ta ƙi amincewa a sake shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai ya zama sabon fami ga iyayen. Mahaifin James ya shigar da ƙara yana neman a janye rufin asirin da aka yi wa Venables, kotu ta ƙi a 2019. A wannan shekara ce kuma wani gajeren fim da aka yi a kan tambayoyin da ƴan sanda suka yi wa yaran ya shiga jerin masu neman babbar kyautar fina-finai ta Amurka, alhali wanda ya shirya shi ko sallama bai yi wa iyayen ba kafin ya fara.

Ingila ba ita kaɗai ba ce. A birnin Kobe na ƙasar Japan, a 1997, wani ɗan shekara 14 ya kashe yara biyu. An yi shari'arsa a asirce kamar yadda dokar yara ta tanada a lokacin, iyayen mamatan ba su da izinin shiga su saurara. An sake shi a 2004, a 2015 kuma ya wallafa littafi a kan abin da ya aikata ba tare da yardar iyalan ba. A 2022 aka gano cewa kotun ta zubar da dukkan takardun shari'ar, sai da kotun ƙolin Japan ta fito ta ba da haƙuri a 2023. A Indiya kuwa, a cikin mutum shida da suka yi wa wata ɗaliba ƴar shekara 23 fyaɗe a cikin motar safa a Delhi a watan Disamba na 2012, har ta rasu, ɗaya ɗan shekara 17 ne. An rataye huɗu daga cikin manyan a 2020, shi kuwa shekara 3 ya yi a gidan gyaran hali, domin iyakar abin da doka ta yarda ke nan a lokacin, aka sake shi a watan Disamba na 2015 mahaifiyar yarinyar tana kan titi tana zanga-zanga.

Wanda ya karanta waɗannan labarai zuciyarsa za ta tafasa, kuma ba a ga laifinsa ba. To amma adalci ya wajabta mana mu saurari hujjar masu sassauci, domin ba don wauta suka yi ba. Hausawa da kansu sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa sashen da ke sa mutum ya tsaya ya auna ƙarshen al'amari, ya danne fushinsa, shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma ba ya kammaluwa sai an wuce shekara 20. Yaro yana bin zuga, yana tsoron abokai su ce masa matsoraci fiye da yadda yake tsoron alƙali. Haka kuma an ga cewa yaron da aka kulle tare da manyan ɓarayi da masu kisa, ya shiga makaranta ce, zai fito da ijazar mugunta. Saboda irin waɗannan dalilai ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara, ta 1989, ta hana yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai maras fatan fita, yarjejeniyar Afirka ta 1990 kuma ta ce manufar hukunta yaro ita ce gyara shi da mayar da shi cikin iyalinsa da al'ummarsa. Ko a shari'ar James ɗin nan, ba a ji Thompson ya sake aikata wani laifi ba tun da aka sake shi. Hukunci ɗaya aka yi wa yara biyu, ɗaya ya kama kansa, ɗaya ya koma. Duk wanda ya ce ya san tun farko yadda za ta kasance, ya faɗi abin da ba shi da ilminsa.

Mu da muke zaune a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa, wannan magana ba baƙuwarmu ba ce. Tushenta dokar 2 ga Fabrairu 1945, wadda Faransa ta kafa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ta ware wa yara alƙalinsu na musamman, ta kuma gabatar da tarbiyya a kan horo. A 2021 an maye gurbinta da sabon kundi, amma ginshiƙan suna nan: yaro ba ya ɗaukar fiye da rabin hukuncin babba, inda babba zai sha ɗaurin rai da rai shi ba ya wuce shekara 20, sai dai idan ya kai 16 kotu tana iya janye masa wannan rangwame a wasu lokuta. A Nijar da Cadi doka ta tsayar da shekara 13 a matsayin farkon ɗaukar alhakin laifi, a Kamaru kuwa shekara 10. Rikicin samari masu makami ma ba labarin Turai kaɗai ba ne, wanda ya san ƴan «palais» na Damagaram ko ƴan daba na Kano ya san haka. Ke nan abin da ya sami Denise yana iya samun kowace uwa a cikinmu.

To a ina zaluncin yake? A ganinmu yana cikin wurin da aka ajiye iyalan mamaci. A tsarin shari'ar zamani, idan aka yi kisa, ƙara ta zama tsakanin hukuma da wanda ake tuhuma. Mai gabatar da ƙara yana magana da sunan al'umma, lauya yana magana da sunan yaro, masana halayya suna rubuta rahoto a kan yaro, ana tambayar yadda ya tashi, wa ya doke shi, wa ya yi watsi da shi. Uban mamaci kuwa, a wurare da yawa, ɗan kallo ne ko shaida. Tun da ba a bar masa komai ba sai adadin shekarun da alƙali zai furta, dole ya mayar da wannan adadi ma'aunin darajar ɗansa. Idan aka ce 8, sai ya ji kamar an ce ɗanka bai wuce haka ba. Daga nan ne ake samun kukan a ƙara, a ƙara, kuma ko an ƙara ɗin zuciya ba ta yin sanyi, domin abin da ta rasa ba a lissafin shekaru yake ba.

A nan ne ya dace mu waiwayi abin da malamanmu suke karantarwa a zaure tun kaka da kakanni, domin fiƙihu ya raba tambayoyi biyu da shari'ar zamani ta cakuɗa. Tambaya ta farko: mene ne za a yi wa yaron? Ya tabbata a hadisi cewa ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga, don haka ba a yi masa ƙisasi, ana dai ladabtar da shi gwargwadon hankalinsa. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗauki gangancin yaro a matsayin kuskure. Wannan sassauci ne babba, wanda ya riga dokar 1945 da ƙarnoni. Tambaya ta biyu: mene ne haƙƙin masu jini? Amsar ita ce jinin ɗan Adam ba ya tafiya a banza don wanda ya zubar da shi ƙarami ne. Diyya ta wajaba cikakkiya, raƙumi 100 ko dinari 1000 na zinariya, ba a rage ko kaɗan saboda ƙuruciyar mai laifi. Dangin yaron na wajen uba ne suke haɗuwa su biya a cikin shekara 3, idan kuma babu su, baitulmali ya ɗauka. Dubi hikimar da ke ciki. An tausaya wa yaro, an ɗora nauyi a kan manyan da ya kamata su tsare shi, an kuma shaida wa masu makoki a gaban jama'a cewa ran ɗansu daidai yake da na kowa.

Idan kuwa mai kisan baligi ne, aya ta 178 a Suratul Baƙara da aya ta 33 a Suratul Isra'i sun nuna cewa magana tana hannun waliyyan mamaci, su nemi haƙƙinsu ta hannun hukuma, ko su yi sulhu, ko su yafe, tare da gargaɗin kada su wuce iyaka. Yafiya a nan kyauta ce daga mai haƙƙi, shi ya sa take da lada mai yawa. Ko da an yafe ɗin, Malikiyya sun ce hukuma ta yi wa mai laifin bulala 100 ta tsare shi shekara guda, domin al'umma ma tana da nata haƙƙi. Ba mun kawo wannan ba ne don wani ya ɗauki doka a hannunsa. Kowa yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake zaune, kuma ramuwar gayya tsakanin dangi da dangi haramun ce, ba ta haifar da komai sai sababbin marayu. Mun kawo shi ne domin ya nuna cewa rahama ga yaro da girmama masu jini suna iya zama a inuwa ɗaya.

Ƙasashen da muka ambata ma sun fara gane haka, ko da yake sai da iyaye suka yi ta kuka. Ingila ta buɗe ƙofa a 2001 ga wanda aka cuta ko iyalansa su rubuta wa kotu irin ɓarnar da laifin ya yi wa rayuwarsu. Japan ta gyara dokarta a 2008, ta yarda iyalai su halarci zaman shari'ar yara a manyan laifuffuka. Faransa tun 1977 ta kafa hanyar biyan waɗanda aka cuta idan mai laifin ba shi da abin biya, daga baya aka samar da wani asusu da ake ciyar da shi da ɗan abin da ake ɗorawa a kan takardun inshorar dukiya. Wanda ya lura zai ga kamar dangin uba da baitulmali ne aka sake ginawa da wani suna. A tsarin da muka gada kuma akwai ƙofar da mutanenmu da yawa ba su sani ba, wato abin da ake kira «partie civile» da Faransanci. Iyalan mamaci suna da damar shiga cikin ƙarar a matsayin masu haƙƙi, lauyansu ya ga takardun bincike, a saurare su, su nemi diyya, kuma doka tana ɗora wa iyaye alhakin biyan ɓarnar da ɗansu ƙarami ya yi. Wanda bai nemi wannan matsayi ba yana iya jin hukuncin shari'ar ɗansa a bakin maƙwabta.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu zargi alƙalan Turai, mu dubi abin da muke yi a unguwanninmu. Sau da yawa tun ba a yi sadakar uku ba, tawagar dattawa ta sauka a gidan makoki, ana cewa ƙaddara ce, ana cewa ƙuruciya ce, ana cewa zumunci ya fi. Uba yana jin nauyin rawunan da ke gabansa, sai ya ce ya yafe, alhali zuciyarsa ba ta yafe ba. Uwa tana cikin ɗaki, ba wanda ya tambaye ta. Wani lokaci ma kafin jandarma su iso an tsallakar da yaron zuwa wurin wani kawu a wata ƙasa. Idan gidan mai laifi masu hali ne, gidan mamaci kuwa talakawa, kowa ya san inda sikeli yake karkata. Yafiyar da aka tatsa da kunya ba ta wanke kowa, kuma yaron da aka ɓoye darasi ɗaya ya koya, cewa jinin mutum abu ne da manya suke shafewa da magana.

Saboda haka muna kira ga kowane ɓangare. Iyayen yaron da ya yi laifi, gaskiya ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ku tsaya wa ɗanku, ku nema masa lauya, ku ziyarce shi inda aka tsare shi, amma ku miƙa shi ga hukuma da kanku, ku faɗi gaskiya, ku tara abin diyya ko da za ku sayar da gona. Dattawa da limamai, idan za ku shiga sulhu ku bari hawaye su bushe, ku fara da sanar da masu jini haƙƙinsu kafin ku roƙe su su bar wani abu daga ciki, ku kuma ji ta bakin uwa da ƴan uwan mamaci. Ƙungiyoyinmu, kamar yadda muke kai wa ƴan kaso abincin buɗa baki a watan azumi, mu riƙa tunawa da gidan da aka kashe wa ɗa, mu raka su kotu, mu nemo musu wanda zai fassara musu abin da ake faɗa da Faransanci, mu leƙa su bayan shekara guda, lokacin da masu ta'aziyya sun watse. Mahaifiyar James da kanta ta kafa wata gidauniya da sunansa a 2011 domin tallafa wa yaran da bala'i ya auka wa iyalansu, saboda ta san irin kaɗaicin da ke biyo bayan watsewar jama'a. Hukumomi kuma, idan an sassauta wa yaro, a bayyana wa iyalan dalili, a sanar da su kafin a sake shi, a tabbatar kuma cewa gyaran da aka ce za a yi masa an yi shi da gaske, da makaranta da sana'a da sa ido, domin sassaucin da babu tarbiyya a bayansa sakaci ne.

Daga ƙarshe, mu tuna mutum 38 ɗin nan da suka ga ƙaramin yaro yana kuka a hannun yara biyu. A da, a garuruwanmu, ɗa na kowa ne, duk babban da ya ga yaro a kan hanyar ɓata yana da ikon tsawata masa. Yau muna ganin ɗan maƙwabci da wuƙa a ƙugu ko ƙwaya a aljihu mu kawar da kai, don gudun abin da uwarsa za ta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kalmar da dattijo zai faɗa a bakin titi ta fi sauƙi a kan duk abin da alƙali zai faɗa daga baya.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare hannuwansu daga jinin bayinsa, ya sanyaya zukatan iyayen da aka raba da ƴaƴansu.